Daminar da Ammi Balarabe Ya Shuka

Ammi Balarabe bai taɓa ganin damina ba. A Madina aka haife shi, a Madina ya tsufa, iyakar tafiyarsa Makka da Yanbu, sai Khaibar da ya taɓa raka wani sayen dabino ya dawo da zazzaɓi. Ruwan sama dai ya sani, irin na nan, wanda zai zubo rabin yini ya cika lungu da laka sannan ya ɓace sai baɗi. Amma a ce ƙasa ta yi wata da watanni tana kore, ciyawa ta kai wa mutum ƙugu ba tare da kowa ya ba ta ruwa ba, wannan a bakin matarsa Hajo kawai ya ji shi. Kuma ya yarda, kamar yadda ya yarda da duk abin da ta taɓa gaya masa game da ƙasar Hausa.

Ni sunana Halimatussa'adiya, a gidan Sadiya ake ce mini. Karatu ne ya kawo mijina Awwalu jami'ar Musulunci, ni kuma aure ya kawo ni daga Malumfashi, muka kama ɗakunan saman gidan Ammi Balarabe a unguwar Harra ta Gabas, wajen shekarar 1998. Tagar ɗakina tsakar gidansu take kallo. Don haka duk abin da zan faɗa ba gulma ce ta kawo mini shi ba, taga ce. To, da ɗan gulmar ma, ba zan yi ƙarya ba.

Dogon tsoho ne, kowa Ammi yake ce masa, wato baffa da Larabci, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Ubansa mutumin Ringim ne da ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Shi kuwa tun tasowarsa ɗan garuwa ne: garwa biyu a jikin sanda, daga famfon unguwa zuwa gidajen masu hali, ya hau bene ya juye a randa ya sauko. Da aka ja famfo cikin gidaje sana'ar ta mutu a hannunsa, ya koma gadi da shara a wata makarantar firamare har ya yi ritaya. Sai dai garuwar ba ta fita daga kansa ba. A wurin Ammi Balarabe babu matsalar da ruwa ba ya magani. In kanka na ciwo, sha ruwa. In kin yi faɗa da miji, je ki yi alwala. Ranar da na ce masa ina kewar gida, moɗa ya miƙo mini.

Hajo ita ce ta zo da ƙafarta. Tana yarinya iyayenta suka taso daga ƙasar Damagaram cikin ayarin masu niyyar hajji, kuma tafiyar wancan zamani ba a yin ta a jere. In ruwa ya sauka, duk inda ayari yake nan zai tsaya, a ari gona a yi noma. In an yi girbi, ciyawa ta bushe, sai a ɗaure kaya a yi gabas. Haka ta girma a hanya, kore zama ne, bushewa tashi ne, har suka haye teku a jirgi suka iso tana budurwa. Iyayenta suka rasu aka binne su a Baƙi'a, maƙabartar da ke kusa da masallacin Annabi, abin da ya fito da su daga gida ke nan tun farko. Ita kuma ta auri ɗan garuwa, ta yi ta sayar da gyaɗa da dafaffen wake a ƙofar makarantu har ta aurar da 'ya'yanta. Maƙwabta sun ce da lafiyarta takan ce ita ta gama tafiya, saura 'yar gajerar nan daga Harra zuwa Baƙi'a.

Ni ban san waccan Hajon ba. Wadda na tarar, tsufa ya riga ya fara kwashe mata hankali. Larabci ne ya fara zubewa, duk da ta yi shekara hamsin tana ciniki da shi. Jikokinta su zo suna yi mata surutu, ta bi su da ido kamar 'ya'yan baƙi. Hausa kaɗai ta rage mata, ita ma irin ta yarinta. Daga nan sai rashin zama, ta wuni tana kai da kawowa daga zaure zuwa kicin tana laluben abin da ba ta san sunansa ba. An gwada kulle ta a ɗaki. Ta yi ta dukan ƙofa har bayan hannunta ya fashe, Ammi Balarabe ya cire makullin ya jefa a kwata, ya ce ba a sake wannan a gidansa yana raye.

Maganin yawon kuwa ciyawa ce, a wurin bikin sunan wata jikarsu aka gano ta. An kama wani gidan shaƙatawa a bayan gari, mai fili shimfiɗe da irin ciyawar nan da ake kira najil. Hajo na sauka daga mota ta tuɓe takalmi, ta taka, ta zauna, ta miƙe ƙafa. Har aka watse ba ta motsa ba. Da mijin ya zo ɗaga ta sai ta dube shi ta ce, "Malam, damina ta kankama. Mun zauna ke nan."

Ba a yi mako ba ya sa aka farfasa simintin tsakar gidansa. Ƙasan Harra ba ƙasa ba ce, baƙin dutse ne, don haka mota ya sa ta kawo ƙasa aka zuba, kaurinta bai wuce tafin hannu ba, aka shimfiɗa najil a kai. Filin duka bai fi tabarma huɗu ba. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ɗan garuwa ya zama mai lambu. Amma abin ya yi aiki. Hajo ta daina yawo. Da safe ta fito ta zauna a kai tana tsince wake, in na sauko ta ba ni labarin gonar da suka ara a wani gari, da yadda gero ya fi ubanta tsawo. Wani lokaci ta ɗauke ni ƙanwarta, wani lokaci maƙwabciyar zango, ni dai kowanne ta kira amsawa nake.

Sanyi ya wuce lafiya. Zafin farko ma ya lallaɓa ya fitar da ciyawar, da ƙyar. Zafi na biyu ne ya zo da nasa shirin. Wanda bai san zafin Madina ba, ya tuna lokacin da ya buɗe murfin tukunya tururi ya bugi fuskarsa, to haka iskar take tun daga hantsi. Dutsen Harra kuma ya sha rana ya riƙe, ya yi ta gasa ƙasar ta ƙasa. Ruwan famfo ya koma zuwa da rabo, yau akwai, gobe da jibi babu. Sai ya koma sayen ruwan tanka, wanda ruwan rijiya ne mai gishiri-gishiri. Ciyawar ta fara daga gefe, wajen bango, ta yi ruwan ɗorawa, sannan ta yi launin buhu.

Wata safiya na leƙo na ga Hajo tana ɗaure ƙullin kaya. Zane biyu, moɗa, carbi, da ludayi.

"Inna, ina zuwa?"

"Ke ba ki da ido? Ciyawa ta bushe. In muka yi nawa ayari zai bar mu."

Fitarta ta farko a bakin masallacin unguwa aka tsinto ta. Ta biyu kuwa sai da aka kai la'asar ana nema. Wani mai gasa burodi ne ya gan ta can ƙarshen gidaje, inda duwatsu suka fara, tana tafe ba takalmi ta miƙi gabas. Tafin ƙafarta duk ya ɗuri ruwa. Ranar na ga Ammi Balarabe durƙushe yana wanke mata ƙafa a kwano, ita kuma tana yi masa faɗa wai ya sa sun rasa ayari.

Washegari babban ɗansu Abdulmajid ya iso daga Yanbu, inda yake aiki a matatar mai. Mutumin kirki ne, kada a ce na ce ba shi da kirki, kuma yana son uwarsa. Hausa yana ji sarai, amma in zai mayar sai ta fito rabi da rabi.

"Abuya, halas, ya isa haka," ya ce. "Wallahi in ta sake fita zan tafi da ita. Akwai shigga, ɗakuna a sama, ƙofa da makulli, akwai mai aiki, asibiti kusa. Kai ma ka zo, fi makan, akwai wuri."

"Uwarka shekaru ta yi tana tafiya kafin ta iso garin nan," in ji tsohon. "Kai kuma za ka fitar da ita a yini ɗaya."

"To ta mutu a kan dutse? Haka ya fi?"

"Ko a kan dutsen ne, dutsen Madina ne."

"Haram alaik, ya Abuya."

Kowa a gidan ya san abin da ake magana a kai, ko da ba wanda ya ambata. Tsohuwa irin Hajo in ta tafi Yanbu ba dawowa za ta yi ba, can za ta cika, can za a binne ta, nesa da iyayenta da abin da suka taka ƙasashe domin shi. Ƙarshe Ammi Balarabe ya ce a ba shi lokaci, ciyawar za ta dawo, in ta dawo Hajo za ta zauna. Abdulmajid ya dubi filin nan mai launin buhu, ya dubi ubansa, ya ce to.

Daga ranar tsohon nan ya koma garuwa. Kafin rana ta fito yana ba wa ciyawar ruwa, da hantsi ya ƙara, da azahar ma, lokacin da ruwan ke ƙafewa kafin ya ajiye bokiti. Ya bi maƙwabta ya jera gwangwanaye a ƙarƙashin na'urorin sanyaya ɗaki yana tarar ɗigon da ke zuba, don ya ji an ce shi ba shi da gishiri. Ya kafa doka, duk mai alwala a gidan a kan ciyawa zai yi. Awwalu da ɗalibai abokansa in sun zo, sai ka gan su jere a tsugune a tsakar gida, manyan malaman gobe, kowa da butarsa. Ruwan wankin shinkafata ma bai tsira ba. Ya ɗaura igiya ya shanya tsofaffin zannuwan gado don inuwa, iska ta yayyage su. Ya samo kashin tattabara ya barbaɗa, gidan ya yi kwanaki yana wari, ciyawar ta ƙara ƙonewa. Ya ɗauki rodi yana huda ƙasa don ruwa ya shiga, ko'ina ya soka sai ka ji ƙwal, dutse. Duk da haka in ƙasar ta bushe sai wani farin gishiri ya fito a kanta kamar an watsa kanwa.

Ni ce na kawo shawarar kafet. Akwai wani koren kafet na roba mai kama da ciyawa da ake sayarwa, na ce a shimfiɗa mata, tunda idonta ma ba ƙarfi. Aka shimfiɗa. Hajo ta fito, ta taka, ta murza da yatsun ƙafa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta gyara mayafi ta tayar da salla a kai. Da ta sallame ta ce a naɗe dardumar mutane a mayar masallaci, ta koma ta ɗauki ƙullinta. Hankali ne ya tafi, ƙafar ba ta manta komai ba.

Ammi Balarabe ya je wurin masu sayar da tsirrai inda ya sayi najil ɗin, ya taho da wani ma'aikacinsu ya duba. Mutumin ya tona da yatsa, ya ciro saiwa, ya ce ba ta mutu ba, barci take yi. Irin wannan ciyawa in zafi ya yi mata yawa sai ta janye ranta ƙasa ta jira. A daina yayyafa mata ruwa kowane lokaci, a riƙa shayar da ita sosai jefi-jefi da ruwa mai daɗi, a ƙyale ta. In sanyi ya shigo za ta farfaɗo.

"Sanyi?" in ji Ammi Balarabe. "Ita ciyawar za ta iya jira. Wannan fa?" Ya nuna Hajo, tana zaune a bakin zaure da ƙulli a cinya.

Tun daga nan ya koma zaman zaure, ya tare ƙofa da jikinsa. Sallar jam'i ma ya daina fita sai in na sauko na karɓe shi, mutumin da ya yi shekaru ba ya rasa sahu. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Hajo kuwa ta daina kiransa Malam. Ta koma ganinsa wani mugun mai gadi da ya hana ta bin iyayenta, in ya kawo abinci ta kau da kai. Wannan ya fi komai cin ransa, na sani, don na taɓa samunsa a bayan tankin ruwa yana share ido da hular kansa. Da ya gan ni ya ce gumi ne.

Ana cikin haka wata rana da yamma, ina zaune da su, yana tsugune yana shafa busasshiyar ciyawar nan da tafin hannu, sai Hajo ta yi magana da wata murya da ban taɓa ji ba, a natse, irin ta matar gida.

"Malam, kai dai ba ka san komai ba."

Ya ɗago da sauri.

"Wa ya gaya maka ana roƙon busasshiyar ciyawa? Wuta ake sa mata. In ta cinye, sai ka ga sabon toho ya fito kore shar, tun ruwa bai sauka ba. Haka Fulani suke yi wa shanunsu. Kai ɗan birni ne, shi ya sa."

Har da 'yar dariyarta. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Ya binti, 'yata, haka ne? Ana yi?"

Ana yi mana. Duk wanda ya taso a ƙasarmu ya ga dajin da aka ƙone ya yi toho. Na ce masa ana yi, amma a daji, inda saiwa ta yi zurfi, ƙasa kuma ta sha damina ta ƙoshi. Awwalu ma da ya dawo ya ce masa a bari a tambaya tukuna. Kai kawai yake gyaɗawa. Ba mu yake saurare ba. Wata da watanni matarsa ba ta san shi ba, yau ta kira shi Malam, ta yi masa tsiya irin ta da, ta kuma gaya masa yadda ake yi a gida. Shekara hamsin duk abin da ta ce game da gida haka yake a wurinsa. Ba 'yar haya daga Malumfashi ce za ta canza wannan ba.

Da safe bayan Awwalu ya tafi jami'a na ji warin kananzir. Ciyawar gajera ce, ta ƙi kamawa, shi ne ya tattaro busasshen ganyen dabino ya shimfiɗa a kai, ya yayyafa kananzir don ta ci da kyau. Kafin in sauko wuta ta tashi ta fi bango. Hajo na zaune a gefe tana tafi, tana murna, ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarta ba. Sai ta miƙe, wai za ta kore wutar daga wajen bukka kada ta ci kayan mutane. Bakin zanenta ya kama. Ni da shi muka kashe da hannu da ruwan bokiti, Allah ya taƙaita, ƙaurinta ne kawai ya ɗan ƙone. Amma hayaƙi ya riga ya turnuƙe lungu. Maƙwabta suka cika gidan, 'yan kwana-kwana suka zo, wani kuma ya buga wa Abdulmajid waya.

Kafin la'asar ya iso. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tsaya ya dubi baƙin filin, ya dubi ƙafar uwarsa a naɗe, ya shiga ɗaki ya fara haɗa kayanta. Ammi Balarabe na tsaye da toka har gira.

"Za ta yi toho," ya ce. "Ita ta faɗa."

"Ɗayyib, Abuya. In ta yi kore sai mu dawo da ita. Taho mu tafi tare."

"In na tafi wa zai ba ta ruwa?"

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne yadda Hajo ta tafi. Da murna ta tafi. Ta rungumi ƙullinta, ta yi mini sallama, ta ce in yafe mata in ta ci mini wani abu a zaman zango. Ta sa ƙafar dama a mota da bisimilla. Mijinta ko kallonsa ba ta yi ba. Da ta zauna sai ta taɓa kafaɗar ɗanta ta ce, "Yaro, gabas muka yi ko?"

"Aiwa, Ummi, haka ne," in ji shi. Yanbu kuwa yamma take.

Tohon bai fito ba. Ya yi ta zuba ruwa a kan toka har sanyi ya shigo, ba ko tsinke. Ma'aikacin nan ya dawo ya tona, saiwar ta murmushe a hannunsa kamar gawayi. Wutar ganyen dabino ta yi zafi da yawa, ƙasar ba zurfi, kananzir kuma ya gama da sauran. Wani zai haƙura a nan, ban da Ammi Balarabe. Ya kwashe ƙasar duka da kwano, shi kaɗai, ya sa aka kawo sabuwa, aka shimfiɗa sabon najil. Cikin sanyi ta kama, ta yi kore har da sheƙi. Ya sa fararen kaya ya je ya buga waya Yanbu.

Na san amsar tun kafin ya dawo, daga yadda ya turo ƙofa. Abdulmajid ya ce kowa ciyawarsa kore ce a sanyi. A bari a ga ta wuce zafi tukuna, don ba zai dawo da ita ya sake ɗauke ta ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Zafi ya dawo, ciyawar ta fara daga gefe, wajen bango. Shekarar da ta biyo ma haka. Tsohon ya koyi komai a lokacin, ya san ruwan da take so da lokacin da take so, ya daina kashin tattabara, ya yi mata rumfa ta gaske. Amma tafin hannu ɗaya na ƙasa a kan baƙin dutse ba ya wuce zafin Harra, ko wa ke ba shi ruwa.

Yakan je Yanbu lokaci-lokaci a motar haya, ba ya kwana biyu ya dawo, kuma ba ya ba da labarin yadda ya same ta. Na yi ta mamakin abin da ke hana shi zama can ko na mako guda. Sai a shekararmu ta ƙarshe, Awwalu ya ari motar wani abokinsa muka kai shi, don in yi wa Hajo sallama kafin mu koma gida.

Gidan bene ne mai tsabta, sanyi ko'ina, mai aikin 'yar wata ƙasa ce da ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Hajo na kan kujera a bakin taga, ta ƙanƙance, ƙullinta a cinya. Daga tagar ana hango teku can bayan gidaje. Matar Abdulmajid ta ce tunda ta zo ba ta taɓa neman fita ba, wuni take a nan tana kallo. Ni ba ta gane ni ba, ban kuma yi tsammani ba. Da Ammi Balarabe ya yi sallama sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, yadda ake yi wa baƙon namiji.

"Malam daga ina?"

"Daga Madina," ya ce. Yadda ya faɗa na gane ba yau aka fara yi masa tambayar ba.

Ta saki mayafin. Idanunta suka kawo ruwa.

"Madina! Kai ka isa ke nan. Allahu Akbar. Ka ga kabarin da idonka?"

"Na gani."

"Mu muna nan bakin ruwa muna jiran jirgi. Sun ce sai an cika. Su Baba sun riga sun haye, ni aka bari da kaya." Ta matso, ta rage murya. "Malam, don Allah in ba ka saƙo? In ka koma, ka isar mini da gaisuwa wurin Manzon Allah. Ka ce Hajo 'yar Malam Ɗanlami tana gaisuwa, tana nan tafe."

"Zan isar."

"Kada ka manta sunan."

"Ba zan manta ba."

"To tashi, kada rana ta yi maka."

Na fita baranda na yi kukana. Matar da ta yi shekara hamsin tana jin kiran sallar masallacin Annabi daga tsakar gidanta, ga ta a bakin tekun da ta riga ta haye tun tana budurwa, tana aike. Da na dawo Abdulmajid na roƙon ubansa ya kwana ko biyu ne, an gyara masa ɗaki. Tsohon ya riga ya sa takalmi.

"An aike ni," ya ce.

Da muka shigo Madina bai bari mun kai shi gida ba, ya ce a sauke shi a Harami, masallacin Annabi. Awwalu ya ajiye ni a wajen mata ya bi shi, don ƙafar tsohon ta fara rauni, Awwalun ne ya ba ni labarin sauran. Ya ce sun bi layin masu ziyara a hankali cikin turmutsutsu, har suka iso gaban kabarin. Ammi Balarabe ya yi sallama ga Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, da Larabcinsa na ɗan gari. Sannan ya koma Hausa, ya ce Hajo 'yar Malam Ɗanlami tana gaisuwa, ta ce tana nan tafe. Ya tsaya bakinsa na motsi kamar zai ƙara wani abu. Mai tsaron wurin ya ɗaga hannu ya ce a matsa gaba, akwai mutane a baya.